Ƙaramar Kyamara Ko Mai Canjin Gilashi: Shawara Ga Masu Neman Shiga Sana'ar Hoto A Ƙasar Kagarko

Kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke aka shiga haƙar citta a ƙasar Kagarko da maƙwabtanta na Kachia da Jaba, sai 'yan kuɗi su shiga hannun jama'a, bukukuwa kuma su kankama. Daga watan Nuwamba har zuwa lokacin Ista ba a rasa ɗaurin aure ko suna a garuruwa irin su Jere da Kubacha da Kagarko kanta, ga Kirsimeti, ga bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ga kuma Tuk-Ham na mutanen Kwoi. A dukan waɗannan tarurruka akwai mutum guda wanda ba ya zama, ba ya kuma cin tuwon biki sai an watse, shi ne mai hoto.

Samari da 'yan mata da dama da suka gama makaranta ba su sami aikin gwamnati ba sukan dubi wannan mutum su ga cewa sana'a ce wadda za su iya. To, amma duk wanda ya tattara ɗan abin da ya samu daga gona ya nufi Abuja ko Kaduna don sayen kyamara, sai ya tarar da tambayar da bai shirya mata ba. Mai kanti zai ajiye masa iri biyu a kan tebur. Ɗaya ƙarama ce, tana shiga aljihu, gilashinta na gaba a haɗe yake da jikinta har abada. Ɗayar kuwa babba ce, ana kwance gilashinta a ɗaura wani bisa ga aikin da ake so. Wacce zai ɗauka?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce a yau. A daminar 2023 wata cuta ta auka wa citta a kudancin Jihar Kaduna ta ruɓar da gonaki masu ɗimbin yawa, manoma da yawa suka rasa har irin da za su shuka. A cikin shekarar nan kuma, a watan Yuni, aka saki darajar naira, dalar Amurka da take wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Tun da yake babu kyamarar da ake ƙerawa a Nijeriya, farashinta ya bi dala ya tashi. Saboda haka wanda ya yi kuskuren saye a yanzu, zai yiwu ya shekara biyu bai sake haɗa irin wannan jari ba.

YADDA AKA FARO

Dattawa ba su manta da mai hoton da ke kafa akwati mai ƙafa uku a bakin gidan waya ko tashar mota ba, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, a jira 'yan mintoci a karɓi hoton fasfo. Bayansa aka sami masu rataya Yashica ko Pentax, suna sa fim mai ɗaukar hoto 36, su aika da shi birni a wanko, masu biki su yi ta jira har mako ya zagayo.

A shekarar 1975 ne wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, ya haɗa kyamarar farko wadda ba ta bukatar fim. Nauyinta ya kai kilo 3 da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto guda a kan kaset. Shekaru 20 bayan haka, watau a 1995, kamfanin Casio na Jafan ya fito da QV-10, ƙaramar kyamara mai ɗan allo a baya wanda mutum zai duba hoton da ya ɗauka nan take. A 1999 Nikon ta fitar da D1 domin ma'aikatan jarida, sa'an nan a 2003 Canon ta kawo EOS 300D, wadda ta sauko da farashin masu canjin gilashi ƙasa da dala 1,000. Shi kuwa Kodak, wanda a gidansa aka haifi abin, a watan Janairun 2012 ya shigar da takardar karayar arziki.

Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Jafan sun nuna cewa a 2010 kamfanoninta sun fitar da kyamarori wajen miliyan 121, mafi yawansu ƙanana na aljihu. Ya zuwa 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba, ƙananan kuma ba su cika miliyan 2 ba a ciki. Abin da ya cinye kasuwarsu shi ne wayar hannu. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai saye ya riƙe, domin kuwa kusan kowane baƙo a wurin biki yana da Tecno ko Infinix a aljihu. Ba wanda zai biya mai hoto kuɗi saboda hoton da wayar ƙanwar amarya za ta iya ɗauka.

INDA BAMBANCIN YAKE

Masu kanti sun fi son yi wa baƙo maganar megafiksel, watau yawan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, su ce wannan tana da 20, waccan 24. Gaskiyar magana ita ce hoton da za a wanke a kan takarda mai inci 5 da 7, irin wanda aka saba sa wa a kundin biki, megafiksel 3 da 'yan kai ya ishe shi, mai inci 8 da 10 kuwa wajen 7. Kusan kowace kyamarar da aka ƙera cikin shekaru 15 da suka wuce ta zarce wannan.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne girman ɗan farantin da ke cikin kyamara wanda ya maye gurbin fim, wanda masu sana'ar ke kira sensa. Shi ne ke karɓar haske. A galibin ƙananan kyamarori faɗinsa milimita 6 ne da ɗan ɗori, tsayinsa 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. A matsakaitan masu canjin gilashi kuwa wajen milimita 23 ne da 15, watau ninki 13 na wancan. Manyan na ƙwararru suna da milimita 36 da 24, daidai girman fim na da, ninki 30 ke nan. Misalinsa kamar mutum biyu ne suka fita taren ruwan sama, ɗaya da moɗa, ɗaya da daro. In an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya kowa zai samu, amma in yayyafi ne sai mai daro kaɗai zai koma gida da abin kirki.

Haka yake ga haske. Da rana tsaka a filin makaranta, ƙaramar kyamara da babba duk za su ba da hoto mai kyau. Amma aikin mai hoton biki rabinsa a duhu ake yinsa: cikin ɗakin amarya mai taga guda, cikin majami'a, a zaure wajen ɗaurin aure, ko a dandali da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki biyu na janareta. A nan ne hoton ƙaramar kyamara ke fita da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi, in mutum ya motsa kuma fuskarsa ta dagule.

Akwai kuma wata matsala ta musamman ga ƙasarmu. Ango baƙar fata ne, ya sa farar babbar riga ta shadda, ya tsaya cikin rana. In kyamara ta bi hasken riga sai fuska ta yi duhu, in ta bi fuska sai aikin riga ya ɓace ya zama fari fat. Babban faranti ya fi iya riƙe duka biyun, kuma babbar kyamara tana da wurin ɗaura filasha ta waje wadda za ta haska fuskar ko da rana. Yawancin ƙananan ba su da wannan wuri.

GILASHI SHI NE JARI

Gilashin da ake haɗowa da sabuwar kyamara mai canji, wanda galibi ake rubuta 18-55 a jikinsa, na fara koyo ne. In an zuƙo da shi har ƙarshe, ƙofar haskensa takan tsuke zuwa abin da ake rubutawa f/5.6. Akwai kuwa wani gilashi mai lamba 50, wanda ƙofarsa ke buɗewa har f/1.8, yana cikin mafi araha a wurin Canon da Nikon duka. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninki 10 na wancan, kuma shi ne ke fito da fuskar amarya tas ya dushe abin da ke bayanta, irin hoton da masu biki ke so a ɗaura a bango. Wanda kuma zai ɗauki hawan Sallah a ƙofar fada ko wasan ƙwallo, sai ya nemi dogon gilashi mai janyo nesa.

Wannan shi ne amfanin mai canjin gilashi: tana girma tare da mai ita. Jikin kyamara kan tsufa cikin 'yan shekaru, amma gilashi mai kyau yakan yi shekara 20 yana aiki. Nikon ta fara amfani da bakin ɗaurin gilashinta na F tun 1959, Canon kuma na EF tun 1987, don haka tsofaffin gilasai sun cika kasuwa. Sai dai a lura, gilashin wannan kamfani ba ya hawa kyamarar wancan haka kawai. Wanda ya zaɓi gida ɗaya kamar ya yi aure ne a cikinsa, fita sai da asara. Abin da ya fi hikima shi ne mutum ya duba irin wadda abokan sana'arsa na kusa ke riƙe da ita, domin ranar da batir ya mutu a tsakiyar biki, ko ana bukatar aron gilashi, su ne za su fisshe shi.

Masu canjin gilashi su ma kashi biyu ne. Akwai masu madubi a ciki, waɗanda aka daɗe da sani, akwai kuma marasa madubi, waɗanda Panasonic ta fara fitarwa a 2008, Sony ta ƙarfafa su a 2013, Canon da Nikon suka shigo da manyansu a 2018. A halin yanzu kamfanonin sun mai da hankali ga marasa madubi, waɗanda suka fi sauƙin nauyi kuma suka fi dacewa da ɗaukar bidiyo. Wannan ya sa masu hoto a ƙasashen Turai suna ta sayar da masu madubinsu, suna shigowa nan a matsayin gwanjo da rangwame. Ga mai ƙaramin jari wannan dama ce.

ƘURA, LAIMA DA WUTA

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai canjin gilashi tana da nata rauni, kuma yanayin kudancin Kaduna ya san inda yake. Duk sa'ad da aka kwance gilashi, cikin kyamara a buɗe yake. A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe gari, ko a kan hanyar ƙauye marar kwalta da babura ke tayar da ƙura, ƙwayar ƙura guda in ta sauka a kan faranti sai ta riƙa fitowa baƙin tabo a kowane hoto, musamman a sararin sama da farar riga. Maganinsa shi ne a canja gilashi a cikin ɗaki ko cikin mota, a kife bakin kyamarar ƙasa, a kuma mallaki 'yar robar hura iska. Kada a sa baki a hura, kada kuma a goge da gefen riga.

Da damina kuwa, wadda a wannan yanki ta fi ta Kano da Katsina tsawo da nauyi, abokin gaba shi ne laima. Gilashin da aka bari cikin jaka a ɗaki mai danshi yakan yi fumfuna daga ciki, kamar saƙar gizo-gizo, in ta daɗe kuma ta ci gilashin ba ta gyaruwa. Akwatin roba mai rufewa ruf, da 'yan ƙunshin tsotse laima irin waɗanda ake samu cikin kwalin sabon takalmi, sun isa su tsare dukiyar.

Ƙaramar kyamara ta tsira daga yawancin wannan wahala tun da ba a buɗe ta. Amma ita ma gilashinta da ke fitowa ya koma da ƙaramin inji yake aiki, in yashi ya shiga ya cije, sau da yawa kuɗin gyara yakan kusa kuɗin wata. Ga shi kuma masu gyaran kirki sai an je Abuja ko Kaduna, wani lokaci ma sai Ikko.

Sai batun wuta. Garuruwa da ƙauyuka da yawa na wannan yanki sukan kwana da yini babu lantarki. Ƙaramar kyamara takan ɗauki hoto 200 zuwa 300 kafin batir ya ƙare. Masu madubi sun fi kowa jimiri a nan, domin ana leƙawa ta madubi ne ba tare da kunna allo ba. Nikon D3500, alal misali, an ƙiyasta mata hoto 1,550 a caji guda. Marasa madubi sun fi cin batir, amma da yawa daga sababbinsu ana iya yi musu caji da irin abin ajiyar wutar da ake yi wa waya. Ko wacce aka saya, batir na biyu wajibi ne.

SAYEN DOKI DA SIRDINSA

Babban kuskuren da masu farawa ke yi shi ne su zuba dukan kuɗinsu a jikin kyamara. Wanda ya sayi doki bai bar kuɗin sirdi da linzami da harawa ba, ya sayo wa kansa abin kallo ne. Bayan jikin kyamara akwai gilashi na biyu, filasha da batiranta, katin ajiyar hoto aƙalla guda 2, jaka, da kuma kwamfuta ko babbar waya da za a gyara hotuna a ajiye su. Ya fi kyau mutum ya sayi tsohuwar kyamara mai lafiya ya haɗa ta da gilashi mai kyau da filasha, da ya sayi sabuwa fil ya rasa abin ɗaura mata.

In ta gwanjo za a saya, zuwa da kai ya fi aike, kuma a tafi da wanda ya san aikin. A cikin kyamara akwai ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna, kuma kyamarar tana ƙidaya sau nawa ya yi haka, kamar yadda mota ke ƙidaya mil. Galibin ƙananan masu madubi an ƙiyasta musu wajen dannawa 100,000, don haka a nemi a ga wannan lissafi. A ɗauki hoton farin bango a duba ko akwai tabo. A haska tocila ta cikin gilashi a nemi fumfuna ko ƙarzuwa. A tabbata batir da caja na asali ne. Daɗin daɗawa a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar, domin kayan sata suna yawo, kuma ranar da 'yan sanda suka tare mutum a hanya wannan takarda ce shaidarsa.

WA YA DACE DA ƘARAMA?

Duk da abin da aka faɗa, akwai mutanen da ƙaramar kyamara ta fi yi musu amfani. Malamin gona da ke zagaya ƙauyuka a kan babur yana duba cutar citta, abin da yake bukata shi ne ya kusanci ganye ko saiwa ya ɗauko tabon cutar sosai, ya aika wa masana. Ƙananan kyamarori da yawa suna iya ɗaukar abu daga nisan santimita 1 ko 2, aikin da babba ba ta yi sai an sayo mata gilashi na musamman. Akwai ma irin su Tough TG-6 ta Olympus, wadda ba ta jin ƙura, tana shiga ruwa har zurfin mita 15, tana kuma rubuta wurin da aka ɗauki hoto. Haka ma'aikacin lafiya, da shugaban makaranta mai son nuna wa hukuma rufin ajin da iska ta yaye, da wakilin jarida na karkara.

Har ila yau akwai maganar tsaro, wadda ba mai bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ko dazuzzukan yankin da zai raina ta. Babbar kyamara mai dogon gilashi a wuya tana sanar da kowa cewa ga mai dukiya ko ga ɗan rahoto. Ƙarama kuwa tana cikin aljihu, kuma mutanen kasuwa ba su cika ɗari-ɗari da ita ba.

Sai dai a yi hattara. Ƙaramar kyamara mai araha ƙwarai, wadda ba ta janyo nesa sosai, ba ta fi waya mai kyau da komai ba, sayenta ɓarnar kuɗi ce. Waɗanda suka cancanci saye su ne masu yin abin da waya ba ta iyawa: ko masu janyo nesa ƙwarai, kamar Nikon P1000 ta 2018 mai ninki 125, ko masu jure ruwa da ƙura, ko kuma masu babban faranti kamar jerin RX100 da Sony ta fara a 2012, wanda farantinsu ya ninka na sauran ƙanana sau 4. Waɗannan na ƙarshe kuwa farashinsu yakan kai na mai canjin gilashi, wani lokaci ya wuce.

AIKI NE KE ZAƁEN KAYA

Ashe dai amsar tana ga aikin da mutum zai yi. Wanda zai ci abinci da hoto, ya tsaya gaban ango da amarya a ranar da ba ta maimaituwa, to ya nemi mai canjin gilashi ko da ta gwanjo ce, ya bar kaso mai tsoka na kuɗinsa domin gilashi da filasha. Wanda hoto shaida ce kawai a cikin wani aikinsa, ƙarama mai ƙarfi ta ishe shi. Wanda kuwa hoton iyali da na abokai kawai yake so, ya riƙe wayarsa, kuɗin ya sayi taki.

Marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗaya daga cikin mashahuran masu hoto na Nijeriya, da wata 'yar akwati mai suna Brownie D ya fara a 1950, wadda ba a canja mata gilashi. Daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan ƙasar nan, ya tara wajen 1,000, waɗanda a yau ake nunawa a manyan gidajen tarihi na duniya. Ya rasu a 2014. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ya san abin da yake nema kafin ya danna.

Ƙasar Kagarko ba ta rasa abin ɗauka ba. A Janjala masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus sun yi shekaru suna haƙo kayan tarihin Nok. Ga kasuwar citta ta Kubacha, ga fadojin Kagarko da Jere da na Koro, ga al'adun Gbagyi da Fulani da Hausawa da ke zaune tare, ga tsofaffin da in sun tafi ba a bar ko hotonsu ba. Saurayin da ya tsaya ya yi lissafi kafin ya miƙa kuɗin cittarsa, ya kuma yi haƙurin zama ƙarƙashin wani gwani na 'yan watanni ya koyi haske da tsayuwa, shi ne jikokin waɗannan mutane za su riƙa neman hotunansa. Allah ya sa albarka a cikin sana'a.